Telar Masu Mama Ɗaya

Jiya ɗaya daga cikinku ta ɗauki rigar da ke kan teburina, ta juya ta ciki da waje, ta ce da 'yar'uwarta, "Ashe aljihu ne kawai aka cusa wa auduga." Na ji ta sarai. Ban tanka ba ne don akwai baƙuwa a bayan labule. Yau babu baƙuwa, wuta kuma an ɗauke, sai ku ajiye almakashi ku matso kusa.

A hannun kawuna Malam Sani na koyi ɗinki, a rumfarsa ta bakin kasuwar Konni. Ba don tausayi ya ɗauke ni ba. Mata na kawo masa atamfa, shi kuwa namiji ne, ba ya iya zagaya musu igiyar awo a ƙirji, sai ya ga yana buƙatar hannun mace a bayan labule. Na daɗe ina hura gawayin dutsen guga, ina sa maɓalli, ina kalmasa da hannu, kafin ya bar ƙafata ta taɓa keke. Abu guda ya fi tsananta a kai. Idan mace ta aiko da tsohuwar rigarta ta ce a yanka sabuwa a kanta, sai ya mayar. Yakan ce, "Hadiza, riga ba ta numfashi. Mutum ake aunawa." Da ya tsufa ya bar mini keken nan baƙi mai feda, wanda kuke wa dariya. Ku bar shi a inda yake, za ku ji amfaninsa.

Aikin farko irin wannan, Madam Rakiya ce ta kawo mini shi. Malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ta koyar da rabin yaran unguwarmu. Ta zo da tsakar rana, lokacin da ta san shago babu kowa, ta ja labule da kanta. Ta ce, "Hadiza, an cire mini mama a Yamai. Ciwon daji ne. Ba jaje na zo karɓa ba, aiki na kawo." Tun da ta koma aji, ɗankwali take naɗewa ta cusa a rigar mama. Ranar nan ta sunkuya ɗaukar alli, ɗankwalin ya faɗo a gaban yara. Wani yaro ya ɗauka ya miƙa mata da hannu biyu, bai san mene ne ba. Ita ta sani.

Ta cire riga. Tabo ne kwance tun daga tsakiyar ƙirji har cikin hammata, fatar wurin ta yi sheƙi, ta ɗame a kan haƙarƙari. Na ɗauko igiyar awo na rasa inda zan fara aza ta. Ta kama hannuna ta ɗora a wurin, ta ce, "Taɓa. Ba ya cizo."

Soson katifa na fara yankawa. Ya yi kyau a madubi, amma ba shi da nauyi, da ta ɗaga hannu zuwa allo sai ya hau sama ya zauna kusa da wuya, ga zafi kamar an ɗaura mata garwashi. Na koma gero. Gero ya ba da nauyi daidai, yana kuma kwanciya kamar nama, na yi murna na ce na gama. Ba a jima ba ta dawo da shi a leda, ta ajiye mini a tebur. Gumi da wanki sun jiƙa shi. Ta ce, "Hadiza, gonarki ta yi tsiro, zo ki yi noma." Muka yi dariya har hawaye. Daga baya na gane haɗin da kuke gani yanzu: ƙananan duwatsun jigida a ƙasa don nauyi, audugar rimi a sama don taushi, kowanne a ɗakinsa don kada su cakuɗe. Babu sikelin da zai ba ki awon. Tafin hannu ɗaya za ki sa ƙarƙashin maman da ya rage, ɗayan ki riƙe abin da kika ɗinka, ki rufe ido, ki ƙara ko ki rage har hannuwanki biyu su daina gardama.

Sauran ma duk a jikin Madam Rakiya na koye su. Sabon yadi yana cin tabo, sai tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta yi laushi. Bakin ɗinki waje yake kallo, ba ciki ba. Maɗauri a gaba, don hannun gefen da aka yi wa aiki ba ya kai wa baya. Wannan hannun kuma yakan kumbura, saboda haka hannun riga na gefen sai ya fi faɗi, amma ki ɓoye ƙarin a ƙarƙashin hammata yadda mai kallo zai rantse duka ɗaya ne. Kuma ba na sallamar mace sai ta yi ruku'u da sujada a gabana a kan tabarmar can. In abu ya motsa, ba a gama ba.

Madam Rakiya ta faɗa wa Madam Fati, ungozomar gidan likita, wadda muke ce wa sajfam. Ita kuma ta shiga turo mini mata. 'Yar kasuwa mai saro kaya daga Sakkwato, matar wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, wata mai aikin ofis, matan ma'aikata daga Malbaza, wata hajiya daga Illela tamu ta hanyar Tawa. Shekaru suka tafi a haka, duk wadda ta shiga bayan labulen nan 'yar gari ce, mai takalmi da jaka. A wurin biki in zance ya zo, sai ka ji mata na cewa ai wannan cutar birni ce. Wata ta ce tumatirin gwangwani ne, wata ta ce ruwan firji, wata ta ce waya ce da ake sokewa a rigar mama. Kowa na cewa kakanninmu na ƙauye da ke cin tuwon gero da miyar kuka ba su san ta ba. Ni ma haka na ɗauka, har ina ba da shaida. Ina cewa, "Ni da nake ɗinka musu, ban taɓa auna 'yar ƙauye ba."

Wata ranar kasuwa wani mutum ya tsaya a ƙofar shagon nan, da bulalar jaki a hannu. Ya yi sallama, ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya kuma komawa kan gaisuwa. Na ce, "Malam, ɗinki ne?" Ya dubi yaran da ke shagon. Na aike su sayen ƙanƙara. Sai ya sa hannu a aljihun 'yar shararsa ya fito da ƙaramin ƙoƙo, irin na shan magani, ya ajiye a kan keke, ya kau da kai.

Ya ce, "Sunana Abdu, daga wajen Alela. Mai ɗakina ce, Tsahara. An yi mata aiki. Madam ta gidan likita ta ce ke ka yin abin. Tsahara da kanta ta zaɓi ƙoƙon ga, ta ce kamar shi ne wanda ya rage."

Na juya ƙoƙon a hannuna. Na ce, "Malam Abdu, ba na yanka a kan ƙoƙo. Ka kawo ta."

Ya ce, "Ba ta fita. Ko rijiya ta bar zuwa."

Na ce to ni zan je. Ya dube ni kamar bai ji daidai ba.

Na hau kabu-kabu da jakata a cinya: igiyar awo, allura da zare, almakashi, tsofaffin atamfofi, duwatsu a ƙullin leda, audugar rimi. Inda yashi ya fi ƙarfin babur, Malam Abdu na jira da amalanke. A hanya ya ba ni labari, yana kallon kunnen jakinsa. Yana saurayi mahaifiyarsa ta yi irin wannan ciwon. Aka yi ta shafe-shafe da turare har wurin ya fashe, ta rasu a ɗakin da ba mai iya daɗewa a ciki. Ba wanda ya kira abin da suna, aka ce miki ne. Da Tsahara ta nuna masa ƙullutu a mamanta na hagu, danginta suka ce a fara na gida. Ya bari aka yi na ɗan lokaci, da ya ga abin na girma ya ɗaura jaki. Ya ce, "Na gani sau ɗaya. Na ce ba ni gani na biyu ina zaune." A wani asibiti wajen Malbaza aka yi mata aikin, aka tura su Yamai ƙarin magani.

Tsahara doguwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, irin matan da ke jan guga su kaɗai. Na same ta a ɗaki ta lulluɓe da mayafi a cikin zafin nan. Da na buɗe jakata na nuna mata irin wadda nake wa matan gari, ta juya ta, ta taɓa ƙugiyoyin ƙarfen, ta mayar mini.

Ta ce, "Wagga ta masu zama kan kujera ce. Ni ɗaurin ƙirji nika yi. In na ɗaga taɓarya, zane ya zame ta gefen da babu komi. Rannan a rijiya ya faɗi gaban mutane. Abin da nika so, abin da zai riƙe mini zane."

Kun ji aikin da ban taɓa tunaninsa ba. Matan gari siffa suke nema a ƙarƙashin riga. Ita tudu take nema wanda zane zai kama. Na zauna a gindin bishiyar bedi a tsakar gidan, na ɗinka da hannu: 'yar shimi gajera, mai duhun launi, da igiya a maimakon ƙugiya, don in ƙugiya ta karye ba mai sayar da ita a can. Na ce ta gwada a turmi. Ta ɗaura zane a kai, ta zuba gero, ta ɗaga taɓarya. Bugu kaɗan abin ya haura ya leƙo ta saman zane kamar ɗan tsako. Ta tsaya, ta dube shi, ta fashe da dariya har ta dafa turmi. Malam Abdu da ke waje ya ce rabonsa da jin wannan dariyar tun kafin aiki.

Na warware. Na sa ɗamara mai faɗi a ƙasa wadda ta kama haƙarƙari, na mayar da duwatsun can ƙasa, na yi wa saman ƙaramin tudu mai tauri inda bakin zane zai zauna. Ta sake ɗaukar taɓarya. Ta yi daka har da jefa taɓarya sama tana tafi, zane bai motsa ba. Ta ajiye, ta ɗauki tulu, ta nufi rijiya.

Tare da mata ta dawo. Na ɗauka kallon baƙuwa suka zo yi. Ina cikin ɗaki ina haɗa kayana sai wata ta shigo ta saki asabari, ta kama hannuna ta kai ƙirjinta. Ta fita, wata ta shigo. Wata tsohuwa ta buɗe tsumma da ganye daga kan wani miki da tun kafin ta buɗe na san yana nan. Wata ta ce ita ba mama ba ne, jini ne ba ya tsaya mata, alhali ta daɗe da barin haila. Ta ƙarshe yarinya ce mai goyo, Kulu, matar ƙanen Malam Abdu. Nata ƙarami ne kamar ƙwallon kurna, mai tauri. Ta ce, "Inna, ba shi ciwo ko kaɗan. Tunda ba shi ciwo ai ba komi ko?"

Na fito tsakar gida na ce, "Bayin Allah, ni tela ce. Allura ta ta yadi ce. Ban san komai a kan wannan ba, sai ku tafi gidan likita."

Uwar Kulu, wadda ta biyo 'yarta, ta ce, "Daji ba shi son ƙarfe. Kowa ya sani. Da an taɓa shi da allura ko wuƙa, shi ke nan."

Tsahara ta sauke tulu. Ta kwance zanenta, ta kwance igiyar shimin da na gama ɗinkawa yanzun nan, ta tsaya a tsakiyar mata da rana tsaka, tabo a fili. Matar da ta yi watanni a ɗaki don kada a gani. Ta ce, "Ku diba da kyau. Ga inda ƙarfe ya bi. Wa ya ɗauko ruwan ga? Wa ya daka geron can?" Ta bi su ɗaya ɗaya tana kama hannunsu tana ɗorawa a wurin. Wasu suka janye. Tsohuwar nan mai miki ta daɗe da hannunta a kai.

Washegari na tafi wurin Madam Fati na zayyana mata. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Hadiza, mu wanda ya iso ƙofarmu muke gani, shi ake ƙirgawa. Matar gari in ta ji abu, kabu-kabu ɗaya ne tsakaninta da ni. Ta ƙauye sai an gama shuka, sai an gama girbi, sai miji ya yarda, sai an sami amalanke. Da yawa a gida suke ƙarewa, a ce miki ne, ko a ce ajali. Wadda ba a gwada ba, ba ta cikin lissafin kowa." Na ce to ashe zancen cutar birni ƙarya ne. Ta ce, "Ban ce duka ba. Zaman gari na iya ƙara wani irin, zaman ƙauye na iya ƙara wani. Masu bincike na kan dubawa. Amma kafin a ce wane ya fi wane, sai an ga kowa tukuna. Mu nan ba mu ga kowa ba." Tun ranar ban ƙara ba da waccan shaidar a gidan biki ba.

Abin da Tsahara ta shiga yi bayan haka ba wanda ya sa ta. Ranar kasuwa amalanken Malam Abdu zai tsaya a ƙofar nan, ta sauko da mace ɗaya, wani lokaci biyu. Ta gane cewa in mace ta ce za ta gidan likita, gida zai cika da tambaya da shawara, amma ba mai hana mace zuwa wurin tela. Su sha ruwa a nan, su huta, ta riƙe hannun mace su bi ta lungun baya zuwa wurin Madam Fati. Malam Abdu kuma ya ɗauki nasa ɓangaren, yana tarar mazan bayan an fito masallaci. Da yawa aka duba aka ce ba daji ba ne, suka koma gida da sauƙin zuciya, su ma suka zama masu ba da labari. Wasu an makara. Tsohuwar nan mai miki ba a iya yi mata aiki ba, amma an koya wa 'yarta wanke wurin, aka ba ta maganin zafi, ta samu tana barci. Wasu kuma aka yi musu aiki suka dawo bayan labulen nan. A lokacin na fara ajiye igiya da baƙin yadi fiye da ƙugiya da leshi.

Kulu ce ta ƙi zuwa. Ta ce sai ta yaye. Ta yaye, ta ce sai an girbe wake. Uwarta na gefe tana maimaita zancen ƙarfe. Tsahara ba ta yi faɗa da su ba, amma duk zuwanta sai ta ce mini, "Ƙwallon kurna ya zama goro."

Sai shekarar da aka rufe iyakarmu da Najeriya. Ku kuna yara, abin da kuka sani shi ne tsadar kaya. A shagon nan wuta ta tafi ta daɗe, kekunan lantarki suka zama teburin ajiye kaya, baƙin keken kawu shi ya ci da mu. Yadi ya yanke. Duwatsun jigida daga Najeriya suke zuwa, suka ɓace a kasuwa. Wannan duk mai sauƙi ne. Matan da ke karɓar magani a Sakkwato, nan kusa da mu, hanya ta toshe musu. Mai ƙarfi ta bi ta daji a kan babur, ta dawo a galabaice. Wata ta koma Yamai ta fara bin layi daga farko. Wata ta bari. Akwai rigunan da na gama a shekarar nan suka yi ta rataye a ƙusa, ba wadda ta zo karɓa, ni kuma ban aika tambaya ba.

A cikin wannan hali Madam Fati ta samu ta duba Kulu, don abin ya fara jan fata, tsoro ya kama yarinyar. Ta ce Yamai, kuma ba jira. A shekarar ne kuma Tsahara ta fara ciwon baya da tari. Ta je aka duba ta, ta dawo ta zauna a kan bencin can ta ce mini, "Ya komo. Ya shiga ƙashi." Kamar mai ba da labarin ruwan sama. Na ce to sai ta kwanta ta huta. Ta ce, "In na kwanta wa zai kai Kulu? Ba ta taɓa wuce Konni ba. Ni na san ƙofofin, na san inda aka kwana, na san wanda aka gaida."

Uwar Kulu ta biyo su har tasha tana kuka, ta riƙe zanen 'yarta. Ina wurin, na kai musu guzuri. Tsahara ta dafa ta ta ce, "Iya, ni ƙarfe ya ba ni shekarun da na aurar da ɗiyata, na ga jikana. Da na tahi da wuri, da ya fi haka. Ita da sauran wuri. Sake ta." Tsohuwar ta dubi Tsahara, ta ga yadda ta rame, ta ga kuma a tsaye take. Ta saki zanen. Ta kwance ƙullin goro daga bakin mayafinta ta danƙa wa Tsahara, ta juya ba ta jira tashin mota ba.

Wuni guda ake yi a mota zuwa Yamai, ga ramuka, ga mai ciwon ƙashin baya. Kulu ta gaya mini daga baya cewa a durƙushe Tsahara ta yi rabin tafiyar, ta kifa kai a kujera, don zama ya gagare ta. A can kuma ita ce mai bin layi, ita ce mai dafa kunu, tana karɓar nata maganin tana jinyar wata.

Sun daɗe. Da suka dawo, nan suka fara sauka. An cire wa Kulu na dama, gashinta ya zube, amma idonta garau. Tsahara kuwa sai da yaron mota ya riƙo ta. Na auna Kulu, na buɗe akwatina, babu dutse ko ɗaya, babu tsohuwar atamfa mai laushi, duk na ƙarar. Na ce ta yi haƙuri sai hanya ta buɗe. Tsahara ta ce a ja labule. Ta kwance shiminta, ta miƙo mini da ɗuminta.

Ta ce, "Warware wagga. Ta sha wanki, ta yi taushi, ba ta cin tabo."

Na ce, "Ke fa?"

Ta ce, "Ni na gama da rijiya. Ita yanzu za ta fara."

Tata ta hagu ce, ta Kulu ta dama, kuma Kulu ba ta kai ta jiki ba. Sai da na farke ta gaba ɗaya, na juya aljihun, na rage duwatsu, na matse ɗamara, a kan keken kawu, su biyu suna zaune suna kallona. Kulu ta ɗaura zane a kai, ta yi ruku'u, ta yi sujada, ta ɗaga hannu sama kamar mai riƙe da taɓarya. Tsahara ta ce, "Ƙara ɗagawa." Ta ƙara. Ta ce, "To, ya yi." Ta yafa mayafi a kafaɗarta, Malam Abdu ya shimfiɗa mata tabarma a amalanke ta kwanta. Kafin damina ta kama aka aiko mini ta rasu. Allah ya jiƙanta.

Kulu kun san ta. Ita ce mai zuwa ranar kasuwa da mata a bayanta, wadda kuke ba ruwa ba ku tambayi ko wace ce ba.

Watannin baya wani matashin likita ya zo shagon nan, Madam Fati ce ta turo shi. Yaro mai ladabi, ya cire takalmi a ƙofa. Ya ce suna duba inda masu wannan ciwo ke fitowa, sun ga daga wani yanki na Alela ana samun su fiye da ƙauyukan da ke kewaye, har suna neman kamo na cikin gari. Abin ya dame shi. Yana so ya san ko ruwan rijiyarsu ne, ko maganin ƙwarin da ake fesa wa wake, don in akwai abin da ke cutar da mutane a tare shi. Na ce ruwa da magani ban sani ba, ya kyautu a duba. Amma na ba shi labarin da na ba ku yanzu. Ya saurara har na kai aya. Ya ce, "Ina matar take?" Na gaya masa.

Ranar kasuwa ce, Kulu na bayan labule da wata baƙuwa, tana jin mu. Ya ce yana so ya je garin da kansa, ya kuma shiga ƙauyukan kusa da su inda ba a taɓa samun ko mutum ɗaya ba. Kulu ta ɗaga labule ta fito, ta durƙusa ta gaishe shi.

Ta ce, "Likita, in za ka zo, kar ka zo ranar kasuwa, kuma ka taho da mace. Ni zan shiga gaba in yi muku sallama." Ta gyara bakin zanenta a ƙirji. "Amma ka zo da shiri. Waɗanda ka gani, masu iya hawa amalanke ne."